Ramin da Muka Haƙa Kusa da Ruga

Aikina sauraron ƙasa ne, kuma a Abuja nake yin sa, garin da ba a barin ƙasa ta huta. In aka tambaye ni a gidan biki me nake yi, nakan ce ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, in ja bakina in yi shiru. In mai tambayar ta matsa, sai in ce mata girgizar ƙasa nake jira. Daga nan takan gyara zama ta ce Allah ya kiyaye, ni ma in ce amin, kuma har zuciyata nake faɗa. Maigidana ya fi kowa jin daɗin wannan. Yakan gaya wa abokansa cewa ya auri matar da ke jin motsin dutse a Indonesiya, amma in ya ce a rage yaji a miya ba ta ji.

Ga yadda abin yake. In ƙasa ta girgiza da ƙarfi a wata nahiya mai nisa, motsin ba ya tsayawa a can. Yana ratsa cikin duniya, ya bi ta duwatsun da ba mahalukin da ya taɓa gani, bayan 'yan mintoci ya ɓullo a ƙarƙashin ƙafafunmu. Kafin ya iso ya galabaita, ko kaza ba za ta ɗaga kai ba, amma na'ura tana jin sa. Duniya tana da ɓawo, shi muke takawa, a kansa muke gini. A ƙarƙashinsa akwai wani irin dutse dabam, mai nauyi da zafi, wanda muke kira mantil. In igiyar girgiza ta taso daga ƙasa ta iso iyakar da ke tsakanin su biyun, sai ta rabu. Wani kaso ya ci gaba da saurinsa, wani ya canja tafiya ya zama mai nawa. Mai saurin ya riga isowa, mai nawan ya biyo baya da 'yan daƙiƙoƙi. Wannan 'yar tazarar ita nake ci ita nake sha. In ta yi faɗi, ɓawon wurin yana da kauri, in ta matse, siriri ne. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da na yi mata wannan bayanin sai ta ce ashe tulu nake ƙwanƙwasawa in ji ko ya gasu, sai dai ni wani ne ke ƙwanƙwasa mini daga ɗaya gefen. Haka nake faɗa wa ɗaliban da ake turo mana har yau.

Matsalar ita ce girgiza ɗaya ba ta isa. Sai ka tara da yawa, daga gabas, daga arewa, daga tsakiyar teku, ka ɗora su kan juna kafin abin da kake nema ya fito fili. Wato na'ura za ta zauna wata da watanni a wuri ɗaya, kan dutse mai rai, inda ba hayaniya. To, a nemo mini wannan wurin a Abuja. Mun gwada bayan ofis, muka kwaso ƙarar janaretan ma'aikatu uku. Mun gwada wajen Nyanya, tun kafin sallar asuba motoci suke fara taka ƙasa, ba su dainawa. Don taurin kai har a bayan gidana a Lugbe na binne ta na ɗan lokaci. Na samu injin niƙan maƙwabciyata, na samu jirage suna sauka, na samu yarana suna buga ƙwallo a jikin katanga bayan sun rantse mini ba sa bugawa. Inda duk muka ga dutse mai kyau kuwa, sai mu tarar masu fasa dutse sun riga mu.

Direbanmu ne ya ce ya san wani tudu, in an wuce Dutsen Alhaji a hanyar Bwari, an sauka daga kwalta an yi tafiya a cikin kwazazzabai. Muka je. Falalen dutse ne shimfiɗe a gefen tudu, ba gida kusa, ba turken lantarki, ba hanyar tifa. Na tsaya a kai na ji kunnuwana suna neman ƙara sun rasa. A gangaren, ɗan nesa kaɗan, akwai wata ruga: 'yan bukkoki, garke, da wata babbar ɗorawa. Muka bi ta ofis-ofis aka ba mu izini, muka gaida mai unguwar ƙauyen da ke kusa, muka biya rugar ma. Matan suka amsa gaisuwa daga bakin ƙofa, aka ce maigidan ya fita da shanu.

Bayan kwanaki muka dawo da kayan aiki. Farar mota mai lambar gwamnati, mutum ɗaya yana ɗaga na'urar gano wuri sama yana karanta lambobi, biyu suna haƙa har suka kai ga dutse, ni kuma ina tsaye da hular rana a kan mayafi ina ba da umarni. Muka kwaɓa siminti muka yi ɗan dandamali a cikin ramin, inda na'urar sauraron za ta zauna. Ita kanta ba ta wuce girman tukunyar miya ba. Muna cikin haka wani dattijo ya hauro, siriri, fari, da sanda a wuya da rediyo rataye a kafaɗa. Ya tsaya nesa kaɗan ya yi sallama.

"Sannu da aiki, Hajiya."

"Yawwa Baffa, sannu. Mun same ku lafiya? Ya shanu?"

"Shanu alhamdu lillahi." Ya dubi simintin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Kwana nawa kuka ba mu?"

Ban gane ba, na ce kwana nawa na me. Ya tsuguna, ya ajiye sandar, ya ba ni labari ba tare da ya ɗaga murya ba. Sau biyu ana tashinsa a garin nan. Na farko daga hanyar filin jirgi, kuma da ya kwatanta mini wurin, da rafin da ke wajen, na gane unguwar da ke bayan gidana ce. Na biyu daga wani fili da yanzu ya zama rukunin gidaje mai ƙofar ƙarfe. Duka biyun iri ɗaya suka faro: farar mota, mutum yana ɗaga wani abu sama, sai turken siminti a ƙasa. Bayan 'yan safiyo sai katafila. Shi ba ya jayayya da hukuma, in ji shi. Kawai yana so ya sani ko ya shuka dawa bana ko ya bari, kuma matarsa ta tsufa, gwiwoyinta ba sa son doguwar tafiya.

Na zauna a kan dutsen na yi masa bayani, da tulu da komai. Na ce mu ba awon fili muka zo yi ba, saman ƙasar ma bai dame mu ba, abin da muke nema yana can ƙasa inda ko rijiyar burtsatse ba ta kai ba. Ya saurare ni da ladabi har na gama. Ya ce, "To, Allah ya taimaka." Duk wanda ya zauna da Fulani ya san wannan "to" ɗin. Bai yarda da ko kalma ɗaya ba, kunya ce kawai ta hana shi ce mini maƙaryaciya.

Muka rufe ramin da rabin duro, muka kafa faifan sola da batir, muka tafi. Daga nan duk bayan 'yan makonni nakan je in ciro katin da ke ɗauke da bayanan, in goge faifan, in duba ko ruwa ya shiga. A ofis ba mai son wannan tafiyar saboda hanyar, ni kuwa ina ɗokinta. In na gama sai in gangara gindin ɗorawa, matar Baffa, wadda nake kira Inna, ta shimfiɗa mini tabarma ta dama fura. Ranar da za ta kai nono kasuwar Dutsen Alhaji nakan rage mata hanya. Takan zauna a gaba riƙe da bokitinta a cinya, tana yi wa direba faɗa in ya faɗa rami, wai zai kaɗa mata nono ya fitar da mai tun kafin a isa. Ita ce ta fara ce mini 'yata. Baffa kuwa Hajiya yake ce mini, kuma duk zuwa sai ya dubi bayan motar ya ga ko an ɗauko wani abu sabo.

Wata rana na tarar da shi yana jirana a kan dutsen. Ya ce ya ji a rediyo ƙasa ta girgiza a wata ƙasa can gabas, gidaje sun rufta da mutane.

"Ita ce irin wadda kike jira?"

"Ita ce, Baffa."

"Ta biyo ta nan?"

Na ciro katin na sa a kwamfuta, muka zauna a inuwar faifan sola. Na nemo ranar da lokacin. Layin yana tafiya a miƙe, a miƙe, sai ga shi ya yi tsalle ya fara rawa. Na ɗora yatsa a wurin na ce ga ta nan. Ya sunkuyo har hularsa ta kusa taɓa gilashin. Ya tambaye ni ko ta ƙarƙashin shanunsa ta wuce, na ce ta ƙarƙashinsu, da bukkoki, da tabarmar da yake salla a kai. Ya ɗago ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu." Na ce amin.

Wannan gefen na aikina bai taɓa zama mini daidai ba, gara in faɗa. Ranar da muke samun bayanai masu kyau ita ce ranar da wasu ke tono 'ya'yansu daga ƙarƙashin gini. Ba mu muka jawo ba, kuma ko mun saurara ko ba mu saurara ba za ta faru. Duk da haka in na ga layi ya fito tas, zuciyata takan yi tsalle, sai kuma in ji nauyin tsallen. Abin da na iya yi shi ne in fara da addu'a kafin in buɗe fayil. Yanzu har yaran ofis sun ɗauka, Musulminsu da Kiristansu, kowa da irin tasa.

Damina ce ta kawo rigima. Da ƙasa ta jiƙe, garke ya zama taɓo, sai shanun suka gano falalen dutsenmu ya fi ko'ina bushewa. Suka mayar da shi wurin kwana. Akwai wani farin bijimi, ƙato, mai ƙahon da ya fi hannuna tsawo, shi ya ɗauki duron nan a matsayin matashi. Na'urarmu tana jin abin da ya taso daga bayan teku, balle sa ya kwanta a gefenta. Nauyinsa yakan ɗan karkata ƙasar, layin ya tashi ya yi sama, ya yi ƙasa, ya tafi yawo. Har na kai ina gane shi a kwamfuta. In na ga wani irin lanƙwasa nakan ce ga mutumin nan ya juya kwanciya.

Ogana mutumin kirki ne, ya san aikinsa, ya girme ni nesa ba kusa ba. Hausar Abuja yake yi, wadda kowa a cikinta "kai" ne, ko matar shugaban ƙasa ce. Ya kira ni ofishinsa, takardun layukan a baje kan tebur, duk sun hargitse.

"Kai Hajiya, zo ka ga wannan. Wannan noise ɗin daga ina?"

"Shanu ne, Oga."

"Shanu? Shanu yana kwana a kan kayan gwamnati?"

"Damina ce. Dutsen ya fi bushewa."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce wannan ce tasharmu ta sauraro mafi kyau, kuma ga shi muna asarar rabin abin da take ji. Za mu rubuta wa hukumar filaye a share wurin, a zagaye shi da waya mai faɗi, mutanen su matsa gaba. "Daji yana da yawa," in ji shi.

Ni Allah bai yi ni da sanyin baki ba. Na ce, "Oga, yaushe rabonka da fita bayan gari? Daji ya ƙare. Inda duk suka matsa, katangar wani ce." Ya dube ni ta saman takarda, na san na ɗan wuce gona da iri, amma ban janye ba. Na san garin nan. Takarda irin wannan in ta fita daga ofis, ba ta dawowa sai da katafila a bayanta, kuma wanda ya rubuta ta ba zai iya tsayar da ita ba ko ya so. Daga ƙarshe ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen damina. In layukan ba su gyaru ba, zai sa hannu, kuma kada in zo ina yi masa wa'azi.

Washegari na tafi rugar ba ranar zuwana ba. Na samu Baffa a gindin ɗorawa yana tufkar igiya. Ban ɓoye masa komai ba, na faɗa masa abin da Oga ya ce. Bai daina tufkar ba. Ya ce, "To. Kafin kaka ko bayan kaka? Don dawar ta fara fitar da kai."

Wannan haƙurin nasa ya ɓata mini rai fiye da maganar Oga. Na ce, "Baffa, ba sallama na zo yi muku ba. Shanun nan nake so su daina kwana a kan dutsen. In sun daina, ba inda za ku je."

Ya ajiye igiyar ya dube ni sosai, karo na farko ido da ido. Ya ce saniya ba ta jin umarni, amma tana bin hayaƙi da kanwa. Kullum da yamma ana hura musu wuta mai hayaƙi don ƙudaje da sauro, kuma tun da damina ta kankama a gefen dutsen ake hurawa saboda itacen ba ya jiƙewa a nan. In aka mayar da wutar da kwamin kanwa ɗaya gefen tudun, za su bi. Sai dai can akwai laka, kofatonsu zai sha wahala, kuma sai an share wurin an zuba tsakuwa. Na ce tsakuwa tawa ce. Direbanmu ya yi sawu da motar ofis yana kwaso ta daga bakin rafi, yana gunaguni cewa shi ba don wannan aka ɗauke shi aiki ba. Baffa da 'ya'yansa suka saro ƙaya suka zagaye falalen dutsen da shinge. Ni ma na ja reshe biyu don a ce na yi, ƙaya ta yaga mini zane, Inna ta ce in koma in zauna kafin in jawo musu magana.

Shanu suka bi hayaƙi. Farin bijimin ne kawai ya ƙi. Sau da yawa yana ture ƙayar ya koma wurin duronsa, ni kuma in gan shi a kwamfuta a ofis in bugo wa ɗan Baffa waya in ce a gaida mini mutumin. Sai da aka riƙa ɗaure shi a turke kafin ya haƙura. Saura dakan Inna da safe da takun shanu in za su fita kiwo, waɗannan ba su dame ni ba. Motsinsu ƙanana ne masu sauri, na girgizar nesa kuwa dogo ne mai jan jiki, kwamfuta tana tankaɗe su kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki.

Wajen ƙarshen damina na tattara duk girgizar da muka kama tun farko, na zubar da waɗanda bijimi ya kwanta a kansu, na ɗora sauran kan juna. Ranar Alhamis ce bayan azahar, ofis ya yi tsit, ana ruwa a waje. Hoton ya fito. Ga mai saurin nan a farko, tsaye. Ga mai nawan a bayansa, shi ma a fili, ba sai an ƙanƙance ido ba. Na yi lissafi, na sake yi. Kilomita talatin da 'yan kai a ƙarƙashin ɗorawar Inna, nan ɓawon ya ƙare, mantil ya fara. Can baya kuma akwai wasu alamu raunana daga wuri mai zurfin da ya ninka wannan sau da yawa. Na daɗe ina karanta irin wannan a littattafan wasu ƙasashe, amma wannan tamu ce, ƙasar da nake takawa in je kasuwa. Daɗi ya kama ni har na rasa wanda zan faɗa wa. Na kira maigidana, ya ce masha Allah, sannan ya tambaye ni ko in biya in sayo burodi.

A taron ƙarshen wata na ajiye wa Oga hotuna biyu. Ɗaya na tudun Baffa. Ɗayan na wata tasharmu ce da muka kafa a wani fili wanda shi ma shiru ne a lokacin, amma cikin 'yan watanni aka fara rukunin gidaje a gefensa. Injin haƙa rijiya, tifa, janareta. Tashar nan ta kurmance, layinta ya zama kamar tsintsiya. Ban yi wa'azi ba, tunda an hana ni. Na ce kawai ya zo ya ga wurin da idonsa kafin ya yanke hukunci.

Ya zo, da takalminsa na ofis. Ya hau dutsen yana haki, ya leƙa duron, ya duba shingen ƙaya ya ce wannan ba ya cikin kowane littafin aiki da ya sani. Daga saman tudun ana hango Dutsen Alhaji, kwanon rufi a kan kwanon rufi, da sababbin katangu suna tahowa ta gangare, wasu ko fenti ba a yi musu ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Muka gangara gindin ɗorawa, Inna ta kawo fura da nono. Ya ce shi ba ya shan abu a waje saboda cikinsa, sannan ya shanye ya miƙa a ƙara.

"Baba," ya ce wa Baffa, "kai yana da janareta?"

"Na yi me da shi? Fitilar sola ta ishe mu."

"Injin niƙa fa?"

"Ga turmi can."

Oga ya juyo ya dube ni. A mota, muna cikin kwazazzabai, ya ce da kansa, kamar shi ya fara tunanin, in mutanen nan suka tashi ba daji ne zai maye gurbinsu ba, gidaje ne. Na ce lallai Oga ka hango abin da ban hango ba. Ya ce in daina yi masa ba'a, ya san halina.

Abin bai zo da sauri ba, don a garin nan ba abin da ke sauri sai gini. Fayil ya yi ta hawa bene yana sauka, kaka ta wuce, aka yanke dawa, rani ya shiga. Duk zuwana Baffa ba ya tambaya, ni ma ba na cewa komai, mu yi hirar shanu da abin da rediyo ya faɗa. A ƙarshe dai aka amince. Tashar ta zama ta dindindin, an keɓe tudun da kewayensa, ba gini, ba haƙa, ba fasa dutse. Masu kiwon da ke wurin kuma a bar su yadda suke, su ne masu sa ido a kan kayan.

Na je da hantsi na same su su biyu a gindin ɗorawa. Na faɗa wa Baffa, kuma na faɗa masa iyakar abin, don ba na son in ba shi abin da ba ni da shi. Na ce wannan ba takardar mallaka ba ce. Amma muddin na'urar tana nan, suna nan.

"Ita kuma na'urar har yaushe?"

"Muddin ƙasa tana girgiza a wani wuri, Baffa."

Ya ɗan yi murmushi ya ce wannan kam ba ta da ranar dainawa, Allah dai ya kiyaye bayinsa. Bai yi mini godiya ba, ni ma ban sa rai ba. Ya juya ya yi wa matarsa magana da Fulatanci, gajeriya. Inna ta dafa gwiwa ta miƙe, ta kama hannuna ta ce, "Zo, 'yata."

Duk tsawon zuwan da nake yi ban taɓa shiga ɗakinta ba. Na sunkuya na bi ta. Sai da idona ya saba da duhun na ga abin da ke ciki. Gado a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma ga kantar itace da aka yi don jere, fayau, ba komai a kai. A ƙasa akwai manyan ɗauri guda uku, an naɗe da tsofaffin zannuwa, an zagaye da igiya an ƙulle tam. Ta ce ƙorenta ne, na jere, wasu na mahaifiyarta, wasu tun na aurenta. A tashin da aka yi musu na biyu ba ta samu lokacin ɗaure su da kyau ba, babbar cikinsu ta fashe a mota. Don haka ranar da motarmu ta fara tsayawa a kan tudu, kafin rana ta faɗi ta sauke su ta ɗaure. Damina ta wuce a kansu, rani ya zo, suna nan a ɗaure. Duk furar da ta dama mini, da duk hirar da muka sha a mota, kayanta a shirye suke.

Na durƙusa na kama ƙullin farko, ya yi tauri, farcena ya kasa. Na ce a kawo wuƙa.

"Kada ki yanke," in ji ta. "Igiya ce mai kyau. Kwance ta za mu yi."

Muka zauna a ƙasa muna kwancewa, ita da haƙori ni da tsinken mayafi. Ta riƙa fito da ƙoren ɗaya bayan ɗaya tana gogewa da gefen zanenta, farare, da zane-zanen wuƙa a jikinsu, tana miƙo mini ina ɗorawa inda ta nuna. In na ajiye ba daidai ba ta ce a'a, ƙaramar a sama, ke ba a koya miki jere ba ne a gidanku. Har azahar muna yi. Da muka gama ta ja da baya ta zauna a bakin gado tana kallon su.

Sannan ta tattara igiyoyin, ta ƙulla su suka zama ɗaya, ta naɗe ta a gwiwar hannu yadda ake naɗewa, ta ɗaure. Na ɗauka za ta cusa ta a ƙarƙashin gado. Sai ta ɗora mini a cinya.

"Tafi da ita gidanki," ta ce. "Ki yi shanya."

Tana nan a bayan gidana a Lugbe, daga jikin katanga zuwa bishiyar gwaiba. A kanta nake shanya kayan makarantar yara.